Mi ya hana gishirin cikin sel gaurayuwa da na waje? Amsa ga wata ɗalibar jinya

Wata ɗiyata mai karatun aikin jinya nan Katsina ta turo mani tambaya daren jiya, ta ce: "Malam, an koya mana abu yana tashi daga inda ya yi yawa ya tafi inda ya yi kaɗan har sai an daidaita, sai kuma aka dawo aka ce sodiyam ya fi yawa a wajen sel, fotasiyam ya fi yawa a ciki, kuma haka suke zaune muddin mutum na da rai. To mi ya hana su gaurayuwa? Sannan mi ya kai sukari cikin ruwan ORS tunda gishiri da ruwa mai gudawa ya rasa?"

To ɗiyata, Allah ya yi maki albarka, tambayar nan ta nuna kina karatu da tunani ba hadda kawai ba. Kuma abin da ba ki lura ba, tambayoyin naki biyu amsarsu ɗaya ce.

Da farko dai ki fidda kalmar nan ta "daidaito" daga kanki, ita ke rikita ɗalibai duk shekara. Babu wani daidaito tsakanin cikin sel, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da aka gina jiki da su, da wajenshi, bambanci ne ake riƙe da shi da ƙarfin tsiya, ana biya mashi kuɗin wuta dare da rana. Ranar da sodiyam ɗin ciki ya zo daidai da na waje, to sel ɗin nan gawa ne. Ki duba lambobin da kike gani a takardar lab: sodiyam a ruwan jini milimol 135 zuwa 145 ne a lita ɗaya, amma cikin sel bai wuce 10 zuwa 15 ba. Fotasiyam kuma akasin haka, a jini 3.5 zuwa 5 kacal, cikin sel kuwa wajen 140. Kalsiyam ma ya fi su ban mamaki, wanda ke yawo a waje ya ninka na ciki kamar sau 10,000.

Kuma ba wai ba sa ƙoƙarin gaurayuwa ba ne, suna yi, yanzu haka da kike karanta wannan sodiyam na sulalawa ciki fotasiyam na sulalowa waje a kowane sel na jikinki. Malaminku bai yi ƙarya ba. Abin da bai ƙarasa maku ba shi ne akwai mai maido su.

Ki ɗauki gidan da ke da bohol da tanki a sama. Ruwa ai ƙasa yake so kullum, ga yara na ta buɗe famfo, ga tankin ma yana ɗan yoyo, amma kullum kika duba sai ki tarar da shi cike. Ba don ruwa ya daina bin gangare ba ne, inji ne ke ta tura shi sama. Kuma ki lura da wani abu, wahalar da aka sha aka kai ruwan sama ba ta tafi a banza ba, ita ce ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a kicin da banɗaki ba tare da an sa wa kowane famfo injinshi ba. Ki riƙe wannan, don nan amsar ORS ɗinki take.

Shi tankin a nan tantanin sel ne. Mai ne, layi biyu, siriri ƙwarai, ko 10,000 kika jera da ƙyar su kai kaurin takarda ɗaya. Shi kuma gishiri in ya narke a ruwa rabewa yake, sodiyam ya ɗauki cajin fositif, kulorayid ya ɗauki negatif, su ne ake ce ma ayon, kuma kowane ayon yana yawo ne da ƙwayoyin ruwa kewaye da shi kamar ya sa riga. To ke kin san man gyaɗa da ruwa ba sa shiri. Shi ya sa iskar oksijin ke ratsa tantanin nan ta wuce abinta, amma ayon ba ya iyawa sai ta hanyar wani furotin da aka dasa cikin tantanin. Furotin ɗin nan iri biyu za ki riƙe: ƙofofi da injina.

Injin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na sodiyam da fotasiyam, wanda kuke rubutawa Na/K ATPase. Yadda yake aiki, kin san ƙofar banki mai gilashin nan da sai ta bayanki ta rufe kafin ta gabanki ta buɗe? To haka yake, ba ya taɓa buɗewa ciki da waje lokaci ɗaya. Zai buɗe ta ciki ya ɗauki sodiyam 3, sai ya fasa ATP ɗaya, wato sinadarin da sel ke ajiye ƙarfin abinci a ciki, guntun fosfet ya manne a jikinshi, wannan mannewar ce ke juya mashi siffa ya rufe ta ciki ya buɗe ta waje ya tofar da su. Yana nan a buɗe ta waje sai fotasiyam 2 su hau, fosfet ɗin ya faɗi, ya koma siffarshi ta farko ya sauke su ciki. Uku waje, biyu ciki, ATP ɗaya. In aka tashe ki daga barci aka tambaye ki ya kamata ki faɗi wannan. Kuma aikin ba ƙarami ba ne, ko kina kwance ba ki komai, wajen kashi ɗaya cikin biyar ko fiye na ƙarfin da jikinki ke ƙonawa a injin nan yake tafiya, a ƙwaƙwalwa ma ya kai rabi. Wato wani kaso mai kauri na tuwon da kika ci jiya ya tafi ne wajen kwashe sodiyam ana fitarwa.

Wanda ya gano shi wani likita ne ɗan ƙasar Denmak, Jens Christian Skou, a jami'ar Aarhus, 1957. Abin dariya ma ba shi ya fita nema ba, bincike yake kan allurar kashe zafi, yana niƙa jijiyoyin ƙafar ƙaguwa, sai ya ci karo da wani sinadari da ba ya fasa ATP da kyau sai in akwai sodiyam da fotasiyam tare. Sai 1997 aka ba shi kyautar Nobel, shekara 40 cif.

Su kuma ƙofofi ba su cin ATP, ba sa tura kowa, buɗewa kawai suke abu ya bi gangarenshi. Amma wajen sauri ba a haɗa su da inji, shi inji yana juyawa kamar sau 100 a daƙiƙa, ƙofa ɗaya kuwa in ta buɗe miliyoyin ayon ke wucewa a daƙiƙar nan, ki tuna Ƙofar Ƙaura da yamma in babura suka danno. Shi ya sa mafi yawan ƙofofin a rufe suke zama, sai an ƙwanƙwasa: wata canjin caji ke buɗe ta, wata sai wani sinadari ya zauna a kanta, wata sai an ja tantanin ko an danna shi. Akwai wani abu a nan da ya daɗe yana ba masana ciwon kai. Ayon ɗin fotasiyam ya fi na sodiyam girma, amma ƙofar fotasiyam tana barin babban ya wuce ta hana ƙaramin. Ta yaya? Sai a 1998 Roderick MacKinnon a Amurka ya fito da siffar ƙofar, aka ga cewa wuyanta ƙunci ne da shi, dole ayon ya tuɓe rigar ruwanshi kafin ya shiga, kuma bangon wuyan an jera mashi ƙwayoyin oksijin daidai ƙugun fotasiyam, yana tuɓewa suna rungume shi kamar bai cire komai ba. Shi sodiyam ya yi ƙanƙanta, ba ya taɓa su duka yadda ya kamata, tuɓe rigar asara ce gare shi, sai ya tsaya waje da rigarshi. Wannan aikin ya ci Nobel a 2003 tare da Peter Agre wanda ya gano ƙofofin ruwa. Ni dai duk sanda na koyar da wannan wurin sai na ce Allahu Akbar.

Yanzu ga inda ɗalibai ke faɗuwa a jarabawa. Za a tambaye ki mi ke kawo cajin nan na milibolt (kashi ɗaya cikin dubu na bolt) 70 negatif da ke cikin sel ɗin jijiya in yana hutawa, sai kowa ya rubuta "saboda inji na fitar da 3 yana shigo da 2". Wannan ɗan kaɗan ne cikin labarin, milibolt ƙalilan yake bayarwa. Ainihin abin shi ne, lokacin hutu ƙofofin fotasiyam ne suka fi zama a buɗe, sai fotasiyam ya riƙa fita tunda ya yi yawa ciki, kowane ɗaya ya fita ya tafi da cajin fositif ya bar manyan furotin masu negatif da ba su da hanyar fita. Ciki na ƙara zama negatif, negatif ɗin na jawo fotasiyam baya, har a kai inda mai turawa da mai jawowa suka yi kunnen doki, shi ne lissafin Nernst da ake ba ku, na fotasiyam yana wajen 90 negatif. Ɗan sodiyam da ke sulalowa ciki ne ke ɗago shi zuwa 70. Wato inji ya cika tanki, yoyon fotasiyam ya samar da cajin. Kuma kar ki raina milibolt 70, in kika auna shi da sirantar tantanin daidai yake da bolt 100,000 a kan santimita ɗaya.

Saƙon jijiya kuma ba komai ba ne illa buɗe famfo na ɗan lokaci: ƙofofin sodiyam su buɗe ya danno ciki cajin ya juye fositif, su rufe, na fotasiyam su buɗe abin ya koma, duk cikin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa. Hodgkin da Huxley a Ingila suka warware wannan a 1952 da ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku da ake ce ma sukwid. Abin da ke motsawa a kowane saƙo kaɗan ne ƙwarai, ko an kashe injin da guba ƙatuwar jijiyar nan tana iya aika dubban saƙonni kafin ta gaji, kamar dai an ɗauke wuta amma tanki na cike. Allurar lidoken da ake yi kafin ɗinki ƙofofin sodiyam ɗin nan take toshewa, shi ya sa ba a jin zafi.

To amma in wutar ta daɗe ba ta dawo ba fa? Nan ruwa ke shigowa maganar. Duk inda gishiri ya taru ruwa na binshi, ke ma kin gani in aka barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa. Cikin sel cike yake da furotin da sauran kayan da ba sa iya fita, kuma suna jawo ruwa, abin da ke hana sel kumbura shi ne sodiyam da ake ta riƙewa a waje yana jan ruwan ta nashi ɓangaren. In jini ya yanke ma wani sashe na ƙwaƙwalwa, babu oksijin, babu ATP, inji ya tsaya, sodiyam ya cika ciki, kulorayid ya bi shi, ruwa ya bi su, kalsiyam ma ya danno ya fara ɓarna, sel ya kumbura cikin mintuna. Abin da ke faruwa ke nan a shanyewar ɓarin jiki, kuma dalilin da ya sa ake cewa a garzaya asibiti kar a tsaya shafe-shafe.

Mu dawo ORS ɗinki. A bangon hanji akwai wani furotin da ba ya cin ATP ko ɗaya, amma yana iya jawo gulukos, wato sukarin nan na ORS, ciki ko da na cikin ya fi na waje yawa. Da wane ƙarfi? Da ruwan tanki. Sodiyam na ɗokin shiga, shi kuma furotin ɗin ya ce ba ka wucewa sai da fasinja, sodiyam 2 gulukos 1, in babu ɗaya motar ba ta tashi. Suna shiga, injin da ke ɗaya gefen sel ɗin ya tura sodiyam cikin jini, ruwa ya biyo baya. Robert Crane ne ya kawo wannan bayanin a 1960. Ita kwalara gubarta tana sa ƙofar kulorayid ta hanji ta buɗe ta ƙi rufuwa, kulorayid na zuba cikin hanji sodiyam da ruwa na binshi, shi ne gudawar nan mai kama da ruwan shinkafa. Amma ikon Allah gubar ba ta lalata motar sodiyam da gulukos ba, tana nan tana aiki. Don haka sukarin cikin ORS ba don daɗi aka sa shi ba, kuɗin motar gishiri ne. A 1971 lokacin yaƙin Bangaladash, wani likita ɗan Indiya Dilip Mahalanabis ruwan ƙari ya ƙare mashi a sansanin 'yan gudun hijira, ya koma ba mutane wannan haɗin da baki, mace-mace suka ragu sosai. Fakitin da muke da shi yanzu sodiyam milimol 75 ne gulukos 75 fotasiyam 20 a lita. Shi ya sa nake faɗa da iyaye mata masu cewa bari in ƙara sukari yaro ya fi sha, ko masu ba da lemun kwalba, in sukari ya yi yawa shi ma ruwa yake jawowa cikin hanji gudawar ta ƙaru. Fakiti ɗaya na lita ɗaya a zuba shi a lita ɗaya, ba a rabin kofi ba.

Irin wannan dabarar ce sel ɗin zuciya ke yi wajen fitar da kalsiyam, a bar sodiyam 3 su shigo a fitar da kalsiyam 1. To in kika ɗan rage ma injin sodiyam gudu, tanki ya ɗan sauka, kalsiyam ya ɗan taru ciki, zuciya ta matsa da ƙarfi. Aikin maganin zuciyar nan digozin ke nan, wanda asalinshi daga wani fure ne na Turai da William Withering ya yi rubutu a kai tun 1785. Amma mu ma muna da namu a nan. Kwankwani da maharba ke haɗa dafin kibiya da shi tun zamanin kakanni, injin nan yake kamawa, in ya yi yawa zuciya ta rikice ta tsaya. Tumfafiya ma da ke ko'ina a bakin hanyar Daura da bayan gari, farin nononta na ɗauke da sinadarai 'yan gidan su digozin. Abin da tsofaffi ke faɗa cewa kar ya shiga ido gaskiya ne, gilashin gaban ido yana zama garau ne saboda wasu sel a bayanshi na ta fitar da gishiri ruwa na bi, in aka kashe masu inji sai ya jiƙe ya yi hazo. Wani abin da za ki riƙe a wod: digozin da fotasiyam wuri ɗaya suke takara a jikin injin, in fotasiyam ɗin majiyyaci ya sauka, misali yana shan Lasix yana ta fitsari, to digozin ɗin da jiya magani ne yau sai ya zama guba.

Sai yaran tamowa, wanda ke kam za ki gansu da yawa a jihar nan. Jikin da ya daɗe ba abinci yana rage kashe wuta, cikin abin da yake ragewa har da injin nan. Sai sodiyam ya taru cikin sel, fotasiyam ya fice ya tafi a fitsari. Za ki iya ganin sodiyam ɗin jini ya yi ƙasa a takarda alhali jikin yaron cike yake da shi, in kika ce bari in loda mashi ruwan gishiri ta jijiya sai zuciya ta gaza. Shi ya sa aka yi masu nasu ORS ɗin na daban, ReSoMal, sodiyam 45 fotasiyam 40, a ba da shi sannu sannu, sai dai in kwalara ce ko gudawa mai tsananin ruwa a koma ORS na kowa.

Bari in ɗan ratse kan kanwa tunda mun zo nan. Da Turanci suna kiranta potash, sunan da ke sa mutum ya zaci fotasiyam ce, alhali mafi yawanta sodiyam ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Sodiyam ba ya zama cikin sel, waje ake tura shi, ya riƙe ruwa a jini, zuciyar da ta gama wahalar ciki ta sake ɗaukar kaya. Ita ƙoda tana iya bakin ƙoƙarinta, tana tace wajen lita 180 a yini ta maido fiye da kashi 99 cikin 100 na sodiyam ɗin, kuma da wannan injin dai take yi, ita ke daidaita ruwan waje don sel su samu abin da suka saba. Amma komai na da iyaka.

Na ƙarshe wanda ya shafi aikinki kai tsaye. Kashi 98 cikin 100 na fotasiyam ɗin jiki cikin sel yake, wanda muke aunawa a jini ɗan ragowar ne, shi ya sa ɗan yoyo kaɗan ke canza lambar, kuma zuciya ba ta wasa da wannan lambar, in ta haura 6.5 kowa tashi yake tsaye. Ina sabon fara aiki a lab na wani asibiti aka kawo mani jini da yamma, ni kuma wai kar ya lalace sai na sa shi firji yadda yake ban raba ruwan da ƙwayoyin ba, da safe na auna na ga fotasiyam ya yi sama ƙwarai na aika sakamako, likita ya taho a guje ya tarar da mutumin zaune yana shan koko da ƙosai lafiyarshi lau. Sanyi ne ya tsayar da injin jajayen ƙwayoyin jinin, fotasiyam ya yi ta sulalowa cikin kwalbar dare guda babu mai maido shi. Na sha faɗa ranar kam. Haka in kika ja jini da ƙaramar allura da ƙarfi, ko kika girgiza kwalba ƙwayoyin suka fashe, ko kika daɗe da ɗaure hannu kina cewa ya dunƙule ya saki, duk lambar ƙarya za ta fito. In kuma na gaske ne, za ki ga likita ya rubuta insulin da gulukos, wani lokaci har da salbutamol na masu asma, kar ki ce ai ba shi da ciwon sukari, su biyun injin nan suke zaburarwa ya kwashe fotasiyam ya maida cikin sel na 'yan awoyi kafin a samu hanyar fitar da shi daga jiki gaba ɗaya. Sai ki riƙa duba sukarinshi akai akai bayan an yi, don insulin ɗin na iya kayar da shi ƙasa. Ki gaida mutanen gida.